To Ita Uwarsa Fa, Yaya Ta Ƙare?

Muna yi wa masu shirya wannan mujalla godiya da suka ba mu fili. Da suka aiko a ce mu yi rubutu, mun san wa'azi suke tsammani, irin wanda mukan ɗan taɓa bayan Magariba a masallacin layinmu in liman ba ya nan. To a yi mana afuwa. Yau labarin wani littafi muka kawo, wanda muka karanta sau biyu, shekara arba'in tsakani, da kuma wani kuskure da muka yi a gidanmu wanda littafin ya nuna mana.

Mun fara cin karo da Shaihu Umar wajen 1982, muna da shekara goma sha biyu. Wani kawunmu direban babbar mota, mai kawo shanu Badun ya koma da goro, shi ya zo mana da shi daga Zariya, bangonsa har ya fara cinyewa. Mu kuwa 'yan Islamiyya ne, Larabci da ajami muka fi ƙarfi, boko sai haɗa baƙi da ƙyar. Amma in an tashi daga karatun dare sai mu taru a zauren mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mu zauna tsakanin huhunan goro, a kunna fitilar ƙwai, ɗaya ya karanta saura su saurara. In mai karatu ya yi tuntuɓe a gyara masa da ihu.

Abin da muka riƙe a lokacin ba shi da yawa. Wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajirinsa ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya zauna ya ba da labari tun daga farko. An sace shi yana ƙarami, kura ta cinye ɓarawon a daji, shi Allah Ya tsare shi. Daga nan mahara suka kwashe shi aka kai Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa, suka ƙetare hamada zuwa Ber Kufa. Can ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira. Wannan shi ne Shaihu Umar ɗinmu na zaure: kura, raƙuma, hamada, sai rawani a ƙarshe. Da rana har wasansa mukan yi a bayan masallaci, wannan ya zama kura, wancan ɓarawo, wani madugu, ana faɗa a kan wa zai zama Umar. Ba mu tuna ko sau ɗaya an nemi wanda zai fito a matsayin uwarsa ba.

Haka muka girma da wannan rabin labari a ka, muna ganin mun san littafin. Har misali mukan buga da shi a gaban jama'a, mu ce ku dubi Shaihu Umar, ai ilmi sai da barin gida.

Sai ga watan Fabrairun 2021. Ba sai mun tsaya ba ku labarin abin da ya faru a kasuwar Sasa ba, da yawanku kuna can, wasu ma har yau ba su farfaɗo ba. Rumfarmu ta albasa tana cikin waɗanda suka ƙone, da kayan mutane da muka karɓa bashi. Dukiya kam Allah Ya bayar, Shi Ya karɓa. Abin da ya fi zauna mana a rai shi ne ganin mata da yara sun cika gidan Sarkin Sasa, da manyan motoci ana loda iyalai zuwa Arewa. Duk da nan Sabo lafiya muka kwana, tsoro ya shige mu irin wanda ba mu taɓa ji ba. Mu da aka haifa a garin nan, aka binne iyayenmu a garin nan, muka wayi gari muna lissafin ta ina za a fitar da yara in abin ya iso.

Cikin wannan tsoro muka yanke shawarar tura autanmu, ɗan shekara takwas, wurin wani malami a wani ƙauye can Arewa. Muka ce da jifa ɗaya an samu biyu, ya yi nesa da fitina, ya kuma samu Alƙur'ani. Ba mu tsaya a kanmu ba ma. Mutum biyu daga cikin masu bin mu salla sun zo neman shawara, muka ce su ma su tura nasu.

Daren da za a tafi da shi, uwarsa tana ɗaure masa kaya a ƙaramin buhu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, yaron nan fa ko famfara bai gama ba."

Muka ce, "Haba, ke kuwa. Ai Shaihu Umar bai kai shi ba aka raba shi da gida, ga shi ya zama shaihu."

Ita ba ta taɓa karanta littafin ba, a bakinmu take jin sunansa. Ta yi shiru, can ta ce, "To ita uwarsa fa, Malam, yaya ta ƙare?"

Wallahi jama'a, muka laluba ba mu samu amsa ba. Mun tuna kura, mun tuna sunan malaminsa, amma abin da ya samu matar da ta haife shi ya ɓace mana ƙaƙaf. Sai muka yi abin da maza kan yi in an kure su, muka ce dare ya yi, a kwanta. Da asuba muka damƙa yaro hannun direba.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi muka samu zuwa duba shi, saboda bashin da ya yi mana katutu. A waya dai kullum lafiya lau ake ce mana. Kuma tsakani da Allah malamin mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Almajirai ne suka fi ƙarfinsa, gonarsa ba ta isa ciyar da su ba, dole yara su fita da kwano. Yaron ya yi karatu, wannan ba ma musu, ya biya mana izu biyar ba gargada. Amma yaron da muka sani a gida, in mun dawo kasuwa yakan sheƙo ya rataye a wuyanmu, ya ishe mu da tambaya har sai an kore shi. Wannan kuwa da aka kira shi sai ya tsaya nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe mu kamar baƙon malaminsa. Ga ƙazuwa a hannu, ga ido ya iya kallon ƙasa. Biredin da muka kawo masa ya karɓa ya tura cikin riga, yana waige-waige kada manya su gani.

Da za mu tafi ya rako mu bakin hanya. Nan ne ya buɗe baki ya ce, "Baba, in kun biya bashin za a mayar da ni gida?"

Muka ce wane bashi? Ya ce ai ya ji lokacin da muke gaya wa Inna kaya sun ƙone, ga bashi. Shi ya ɗauka an kawo shi nan ne don abinci ba zai ishi kowa ba, kuma da yake shi ne ƙarami, shi aka ga ya fi sauƙin ragewa. Shekara ɗaya da rabi yaron nan yana kwana yana tashi da wannan lissafi a cikinsa, ba wanda ya gaya wa. Mu kuwa muna can muna cewa yaro ne, bai san komai ba.

Muka rarrashe shi da abin da ya zo bakinmu, muka hau mota. Da muka iso Zariya tambayar uwarsa ta dawo mana, muka shiga kantin littattafai muka sayi Shaihu Umar. A motar dare muka karanta shi da fitilar waya. Littafi ne ɗan siriri, kafin mu tsallake gadar Jebba mun gama. Ashe abin da muka tsallake muna yara shi ne ƙashin bayan labarin.

Ga yadda ta ƙare. Matar nan mijinta ya rasu ya bar ta da marayan ɗa. Ta auri Makau, bafaden sarkin Kagara, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri har aka kore shi daga gari. Ta bar yaron a hannun amana don ta je Fatika ta ga iyayenta kafin ta bi mijinta, a bayanta aka sace shi. Da ta ji, ba ta zauna ta ce haka Allah Ya so ba. Ta bi sawu har Kano, can aka yaudare ta, daga baya aka sayar da ita, 'yantacciya, Musulma. Aka ƙetara da ita hamada zuwa Murzuk, daga baya Tarabulus, tana bauta a gidan mutane shekara da shekaru, jiki na ƙarewa, ba abin da ke bakinta sai ɗanta. Ta gan shi a ƙarshe ya zama malami, amma ba ta daɗe ba bayan haɗuwarsu ta cika. Rawanin da muke yi wa tafi muna yara, ga kuɗin da aka biya aka saye shi.

Tun daga wannan dare muke juya littafin a rai, kuma akwai abubuwa uku da muke so mu ajiye a gabanku.

Na farko, yadda aka ba da labarin. Tsoho ne yake magana, amma abin da yake ba da labari a kai yaro ne wanda bai yi wayo ba. Duk manyan abubuwan da suka juya rayuwarsa a saman kansa aka yi su. Ba ya nan aka ƙulla wa Makau sharri a fada, ba a yi shawara da shi ba aka bar shi a hannun wasu. Daga wannan hannu zuwa wancan ake miƙa shi, wanda ya ba shi abinci ya zama nasa. Labarin korar Makau da wahalar uwarsa kuwa ai ba da idonsa ya gani ba, daga baya ya tattara su ya haɗa. Ka ga ke nan girman yaro ba tsawo da gemu kaɗai ba ne. Ranar da ya gane abin da manya suka yi da shi lokacin da bai san komai ba, ran nan ya girma. Kowane yaro sai ya yi wannan tattarawa, ko mu ba shi gaskiya ya haɗa da ita, ko ya tsinci guntun zance a bakin ƙofa ya haɗa abinsa, kamar yadda namu ya yi.

Na biyu ya fi ɗaci. Muna yara mun raba mutanen littafin gida biyu, mugaye da na kirki. Ɓarawon yaro mugu, fadawa mugaye, Makau da Abdulkarim na kirki. Haka ne kuwa, Makau ya riƙe agola da amana, Abdulkarim ya ba yaron da bai haifa ba tarbiyya da ilmi. Amma mene ne aikin Makau? Hari yake kaiwa ƙauyukan Gwarawa ya kamo 'ya'yan mutane. Mene ne fataucin Abdulkarim? Har da bayi a ciki. Ayarin da ya kai Umar ga ilmi, shi ya kai 'ya'yan wasu kasuwa, kuma ba wanda ya ba mu labarinsu. Kowane ɗaya a cikinsu yana da uwa. Umar ɗaya ne ya faɗa hannun da ya ji tausayinsa, mu kuwa muka ɗauki wannan ɗayan muka mai da shi hujja. Abin da ya tsaya mana a wuya a motar nan shi ne, mutum yana iya zama mai kirki, mai salla, mai son yaro da gaske, kuma ya zama ta hannunsa cuta ta shigo. Ba sai mun gaya muku wa muka gani a wannan madubi ba.

Na uku, tambayar da ta buɗe labarin: Malam, kai mutumin ina ne? Mutum ya dawo ƙasar iyayensa da ilmi, amma sai an tambaye shi asali. Wa ya san zafin wannan tambaya kamar ɗan Sabo? An kafa unguwar nan tun 1916, wasu gidajen an haifi kaka da jika a ɗaki ɗaya, amma in ka tsallaka titi Gambari ne kai ko Aboki. In ka je Arewa kuma ka buɗe baki, a ji Hausarka da gishirin Yarbanci, a ce ɗan Kurmi ne. Namu yaron ya gaya mana daga baya cewa Bayarabe 'yan'uwansa almajirai suke kiransa. Mun tura shi gida a ganinmu, ashe baƙunta ta biyu muka tura shi.

Abin mamaki, wanda ya rubuta wannan duka saurayi ne. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, yana malamin makaranta a Bauchi lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira a 1933. Gasar nan ce ta fitar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi, shi ma nasa ya fito a 1934. Ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ari bakin tsoho ya ba da labarin yaro. Kuma lokacin da ya rubuta, bauta ba tatsuniya ba ce, don sai a 1936 aka yi dokar da ta soke ta gaba ɗaya a Arewa. Cikin waɗanda aka fara karanta wa littafin akwai masu tabon abin a jikinsu. Shi kansa marubucin, bayan ya zama Firayim Minista, a nan Kudu ajalinsa ya same shi a Janairun 1966, aka kai gawarsa Bauchi. Allah Ya jiƙansa.

Kada kuma mu ce satar yara zancen da ne. A watan nan na rikicin Sasa, ran 17 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana a Kagara ta Jihar Neja suka kwashe ɗalibai 27, ban da malamai da iyalansu. Sunan garin ɗaya da wanda Umar ya ce can aka haife shi. Mun ji labarin a rediyo kamar kowa, amma tsoron da ke gabanmu ya hana mu ganin cewa inda muke shirin tura yaro ma ba tudun mun tsira ba ne.

Akwai abin da ya fi ba mu kunya. Mun karanta Risala tun muna samari, mun kuma karantar da ita. A babin ciniki malamanmu na Malikiyya sun hana a raba baiwa da ɗanta wajen sayarwa har sai yaron ya yi famfara. Baiwa fa, a zamanin da ake sayar da mutum. Gargaɗin Manzon Allah (SAW) a kan mai raba uwa da ɗanta kuwa sananne ne ga duk ɗalibi. Matar da ba ta buɗe Risala ba ta kawo mana wannan mas'ala daidai da kalmarta, mu masu karatun muka amsa mata da littafin hira, shi ma rabinsa. Haka in muna ba da ƙissar Annabi Yusuf (AS), sauri muke mu kai inda ya samu mulki a Masar, mu wuce mahaifin da ya yi kuka har idonsa ya tafi.

Da muka iso gida muka kira ta muka ce, "Tambayar da kika yi mana, mun samo amsa." Muka ba ta labari tun daga Fatika har Tarabulus. Ba ta ce ai na faɗa ba. Cewa ta yi, "To yaushe za a je?" Bayan sati biyu muka ranci kuɗin mota muka koma muka ɗauko shi, muka yi wa malaminsa godiya da abin da ya sawwaƙa. Mutanen nan biyu da muka ba shawara muka same su har gida muka ce mun yi kuskure. Ɗaya ya dawo da nasa. Ɗayan ya ce shi bai ga laifi ba, nasa yana can har yanzu, kuma nauyin wannan yana wuyanmu.

A fahimce mu, ba tsangaya muke zagi ba. Ita ta haifi iyayenmu da malamanmu, duk wanda ya ja mu salla a unguwar nan da wuya ka ga bai sha tawadarta ba. Wanda zai tura ɗansa, ya bari ya yi wayo tukuna, ya tura shi da guzuri da kuɗin abinci, ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana gani, ya kuma saurari uwar yaron kafin mota ta tashi. Ga Islamiyyu da makarantun hadda a cikin unguwa, malamansu na fama da ƙarancin albashi. Kuɗin da muke kashewa a hanya, da nan muka zuba shi da an ga aiki. Sannan mu riƙa zama da yaranmu muna yi musu bayani. In masifa ta faru a gaya musu daidai hankalinsu, a ce musu ba laifinsu ba ne. A gaya musu garin da kakansu ya fito, da abin da ya kawo shi, a kuma gaya musu nan ma gidansu ne, da gumin kakanninsu aka gina shi.

Yaron yanzu yana zuwa firamare da safe, Islamiyya da yamma, haddarsa na ci gaba. Ya yi ƙiba, ƙazuwa ta warke. Amma ba za mu yi muku ƙarya ba, wancan mai rataya a wuya bai dawo ba. Har yau in an ba shi abu sai ya waiga kafin ya ci. Kwanan baya muka ba shi littafin ya karanta wa yaran layi a zaure, mu muna daga ciki muna ji. Wajen kura suka yi ta shewa kamar yadda muka yi a da. Da ya iso inda aka sayar da uwar sai muka ji ya yi shiru, ya ce musu sauran sai gobe, ya tashi ya shiga ɗakin Innarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya saka wa iyaye mata da Aljanna, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wanda ya ga gyara a wannan rubutu, ƙofarmu a buɗe take bayan La'asar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.